Mazarƙwaila a Miya

Daren Talata, watan Safar, 1385

Yau dai Hajiya Bibi, tsohuwar Ba'indiyar ɗakin sama, ta ci abinci bayan kwana uku a kwance. Da safe ta roƙe ni da guntun Larabcinta in dafa mata dal, wata miya irin ta yankinsu, Gujarat. Ta lissafa min adas (ƙananan waken nan), kurkum, tsamiya, gyaɗa, sai mazarƙwaila. Na ce a raina zazzaɓi ne ke magana, wa ya taɓa sa zaƙi a miya? Na ƙi sawa.

Cokali ɗaya ta kai baki, ta juya fuska bango. "Ya ukhti, 'yar'uwata, ba shi ba ne."

Kunya ta kama ni. Na sauko na fasa mazarƙwailar na zuba. Ta shanye kwanon tas, tana hawaye tana kiran sunan uwarta.

Tun ɗazu nake tunanin 'yata Rakiya. A nan Makka na haife ta, ba ta taɓa kaɗa miyar kuka ba. Ranar da na kwanta, wa zai sa min daddawa daidai? Gobe zan miƙa mata maburgi, ko tana so ko ba ta so.