Bauti Yana Tafa Miki Hannu

La Banda, Santiago del Estero
Ƙarshen watan Janairu

Zuwa ga ƙanwata Griselda,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gida, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ina roƙon Allah Ya tsare ki a ƙasar mutane, Ya ba ki ƙarfin aikin da kike yi, Ya sassauta miki sanyin Valencia da kike ta kuka da shi. Mu nan zafi ake zubawa, ko kare ba ya yarda ya fito da rana. Mama tana fama da gwiwarta, amma bakin nan nata lafiya lau, har yanzu ita ke tsara wa kowa yadda zai zauna da yadda zai tashi. Mijina Anibal ya koma aiki. 'Yarki Mili ta zubar da haƙoran gaba, ta ce kada a gaya miki sai sababbi sun fito, to ga shi na gaya miki. Maganar ɗanki Bauti kuwa, ita ta sa na ɗauki biro.

Na san za ki ce me ya hana in faɗa a waya. Duk sanda kika kira, yara suna manne da ni, Mama kuma ta kafe ni da ido, sai in ce miki komai lafiya. Hotunan bakin teku da na tura miki gaskiya ne, amma ba su ne duka labarin ba. Ki nemi wuri ki zauna. Ki sani tun yanzu yaron yana gida, ko ƙwarzane babu a jikinsa, don kada zuciyarki ta tsinke kafin ki kai ƙarshe.

Ke kika dage a kai su su ga teku, tunda ni da ke mun girma ba mu taɓa ganinsa ba. To mun tafi Necochea a tsohuwar motar Anibal, wadda yake yabo kamar 'yarsa ta fari. Mama ta cika but ɗin motar da tukwane da bargo da kwandon empanada, sambusar nan tata, har da turmin dakan tafarnuwa, wai ba ta yarda da abincin mutanen bakin ruwa ba. Ba mu yi nisa ba Bauti ya amayar da karin kumallonsa a cinyata. Lagireto ya yi ta tafasa, Anibal yana fita yana zuba ruwa yana cewa, "Ba ta da komai, ƙishi take ji," Mama kuma tana cewa daga baya, "Ai kai da ita duk gara a sayar." Sai da muka kwana a hanya. Washegari da hantsi na ji Mili tana gaya wa Bauti a kujerar baya, da muryar nan tata ta malamar makaranta, cewa ke mamarsu kina ɗaya gefen ruwan da za mu gani, malaminsu ya nuna musu a taswira. Na ji da kunnena, Griselda, na yi dariya, har na ce haka ne. A gidan mai na saya musu alewa, Mili ta cinye tata nan take, shi kuwa ya cusa tasa a aljihun wando ya ce ajiya ce. Ban tambaye shi ta wa ba.

Da muka isa, Mili ta kwasa da gudu tana ihu, Mama ta yi alamar gicciye ta ce wannan ruwa ya yi yawa, ba na wasa ba ne. Bauti bai yi gudu ba. Ya tsaya riƙe da yatsan Anibal yana kallo, can ya ce, "Kawu, ina ɗaya gefen?" Anibal ya nuna da haɓa ya ce can dai, da nisa. Kwanakin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Sun gina gidan yashi, sun tsinci ƙwanso, Anibal ya ƙone ya yi jawur, Mama har ta yarda ruwa ya taɓa idon sawunta.

Ranar Lahadi ce abin ya faru, bayan cin abincin rana. Mutane sun cika wurin, babu masaka tsinke, laima na gogar laima. Iska ta fizge tamu, Anibal ya bi ta da gudu. Yashi ya shiga idon Mili, na sunkuya ina hura mata. Mama tana gyangyaɗi da ƙoƙon shayin mate a hannu. Da na ɗago, bokitin Bauti yana nan, cokalin haƙarsa yana nan, shi babu. Na kira sunansa a hankali, na sake kira da ƙarfi, sannan na ji wata murya tana kururuwa, ashe tawa ce. Yaro ɗan shekara huɗu, Griselda, da ɗan wando shuɗi, a wurin da kowane yaro wandonsa shuɗi ne. Idona ya rufe. Ban nufi ko'ina ba sai ruwa. Na shiga da rigata har ƙirji, igiyar ruwa tana maka ni da ƙasa ina tashi, ina laluben ƙasa da ƙafa, ina roƙon Allah kada in taka abin da nake nema. Abu ɗaya ke yawo a kaina: da wane baki zan gaya miki? Kin bar mini shi bai iya ko cewa Inna ba.

Wani mai ceto ya jawo ni waje yana tambayar sunan yaro da kamanninsa. Ina cikin ba shi amsa sai na ji tafi. Daga can nesa ya taso, kamar ruwan sama a kan kwano, mutanen da ke kusa da mu ma suka miƙe suna tafa hannu. Kin san halina. Na ɗauka wani ne ya durƙusa yana neman aure, ko masu wasa ne suka zo. Na juya kan wata mata mai faffaɗar hula da ke tafawa a gefena, na zazzage mata abin da ban taɓa faɗa wa mutum ba. Na ce ɗana yana cikin ruwa ku kuna biki, ba ku da zuciya ne? Matar ba ta yi fushi ba. Ta kama kafaɗuna ta girgiza ni ta ce, "Ke baiwar Allah, daga ina kika fito? An tsinci yaro ne! A nan in an tsinci yaro, sai a ɗora shi a wuya a yi ta tafi har uwarsa ta ji. Ruga ki duba!" Mu da muka san tafi a bakin ƙofa kawai, in baƙo ya zo yana neman masu gida, ina za mu san wannan?

Na ruga, ina taka tawul ɗin mutane da abincinsu. Na kutsa har tsakiya, na ɗaga kai. Yarinya ce, 'yar wasu, da jar hula, uwarta ta riga ta iso tana sumbatarta. Tafin ya mutu, kowa ya koma ya zauna. Ban san yadda zan kwatanta miki wannan ba. Na dawo na tarar da Mama durƙushe a kan gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, tana kiran duk waliyyan da ta sani, Mili kuma ta ƙanƙame bokitin tana cewa laifinta ne. Anibal ya nufi arewa yana nemansa, masu ceto suna ta busa usur. Rana ta fara karkata, inuwar laima ta yi tsawo, ni kuwa na daina kallon mutane, ruwa kawai nake kallo.

Sai tafin ya sake tasowa, wannan karon daga wajen dogon ginin duwatsun nan da ya shiga cikin teku, nesa ƙwarai. Na ce ba zan je ba, ba zan iya ganin ɗan wani sau biyu ba. Mama ce ta daka mini tsawa ta ce, "Tashi, Nelida, ko in tashi da kaina!" Na tafi. Wani ƙaton mutum mai sayar da dafaffiyar masara ne yake tahowa, jama'a na biye da shi suna tafawa, ga Bauti a wuyansa, ya riƙe kan mutumin da hannu biyu. Ba kuka yake yi ba. Yana ta waige-waige, yana duba fuskar kowace mace ɗaya bayan ɗaya. Na isa ina kiran sunansa, na miƙa hannu. Ya dube ni, sannan ya leƙa bayana. Ya ce, "Inna, ba ke ba."

Mai masarar ya ce mini ya gan shi yana tafiya shi kaɗai a gefen ruwa kamar mai zuwa aike. Da ya tambaye shi ina mamarsa, sai yaron ya nuna teku, har gaban mutumin ya faɗi, ya zaci nutsewa kika yi. Sai Bauti ya yi masa bayani cewa zagayawa zai yi, yana neman inda ruwan ya ƙare. Shi kuma don ya lallashe shi ya hau wuya, ya ce masa, "Hau nan, maigida. In muka tafa hannu, yanzun nan mamarka za ta zo da gudu." Bawan Allah, ina zai sani? Na yi masa godiya har da kuka. Da na zo yi wa Bauti wanka na tarar da alewar nan a aljihunsa, ta narke ta haɗe da yashi. Ya ce in bar ta, taki ce.

Na zaci shi ke nan. Ranar da za mu taho, muka je yi wa teku sallama, ya ce Kawu ya ɗora shi a wuya. Anibal ya ɗora shi. Sai yaron ya fuskanci ruwa ya fara tafa 'yan hannuwansa. Mutanen da ke kusa suka ga yaro a wuya ana tafi, suka miƙe suka kama. Na gaba da su ma suka kama. Kafin in buɗe baki, bakin tekun nan gaba ɗaya ya ɗauka, tsofaffi da 'yan mata da masu talla, kowa yana waige yana jiran uwar da za ta fito da gudu. Anibal, mutumin da ko a jana'izar mahaifinsa ban ga hawayensa ba, ya tsaya ƙiƙam hawaye na bin gemunsa, ya kasa sauke yaron, ya kasa ce wa mutane su daina. Bauti ya yi ta tafawa har tafin hannunsa ya yi ja.

Tun da muka dawo ba shi ne yaron da kika sani ba. Abinci sai an yi da gaske. Duk wanda ya tafa a bakin ƙofa, ko mai kawo burodi ne, shi ke fara fita, ya dawo jiki a sanyaye. Kin lura ya daina karɓar waya? Na ce miki barci yake yi, ba barci ba ne. Cewa ya yi ba ya son mamar cikin waya. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shekaranjiya da rana tsaka, kowa yana kwance, ya zare sakata ya fita. Maƙwabciyarmu Doña Eulogia ce ta tsinto shi a kan hanyar kogi, wai shi ma ruwa ne, ƙila ta nan ya fi kusa. Yanzu da kwaɗo nake rufe ƙofa, ina kwana da makulli a wuya, amma yaron nan wayo yake ƙarawa kullum, ni kuwa ido biyu gare ni.

Na san maganar takardun zamanki. Na san in kika fito kafin su fito, wahalar shekarun nan ta tafi a banza, kuma don su kike wanke tsohuwar da ba taki ba. Ban taɓa ce miki ki dawo ba, ko sanda Mama ta kwanta asibiti. Yau ina cewa. Na ba shi abinci, na goya shi, na kwana a kansa yana zazzaɓi, ina son sa kamar ni na haife shi, amma ya gaya mini a gaban jama'a cewa ba ni ba ce, kuma gaskiyarsa. Ina jin tsoro, Griselda. Ina tsoron ranar da Doña Eulogia ba za ta kasance a bakin ƙofarta ba. In ba za ki iya zuwa yanzu ba, ki ba ni rana ta gaskiya wadda zan nuna masa, kada ki ce mini "nan ba da daɗewa ba", ya daina yarda da wannan.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe ƙirjinki. Anibal yana gaisuwa, haka Mili, ta ce ki yafe mata maganar taswira, na ce mata babu abin yafewa. Ki gaishe mini da Zulma abokiyar ɗakinki, da Doña Amparo da kike kula da ita, Allah Ya ba ta sauƙi. Ranar da Allah Ya kawo ki, kada ki buga waya daga tasha, kada ki ce a zo a tarye ki. Ki zo ki tsaya a bakin ƙofa ki tafa hannu yadda muka saba. Shi zai fara fitowa.

Yayarki da ke jiran amsarki,
Nelida