Wanda Yara Suka Tsaya Bayansa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Bayan haka, shawara nake nema. Makarantarmu za ta rage malamin lissafi ɗaya, ko ni ko wani saurayi da muke kira Dogo. Hedimasta ya ce tunda na riga shi fara aiki, ni zan zaɓi masu yanke hukunci: ko malamai su shiga ajin kowannenmu su ga koyarwarsa, ko a bar wa ɗalibai. Hankalina ya fi kwanciya da malamai, don yara suna cewa na cika tsanani. Me ka gani?

Ka huta lafiya.
Ƙanenka

Malam ƙarami,

Na amsa gaisuwa, kasuwa sai godiya. Wato duk karatun nan naka ba ka karanci mutane ba? Ni da nake sayar da takalma, ka taɓa jin na tambayi mai shagon kusa da ni ko kayana na da kyau? Zai washe baki ya yaba, ina juya baya ya yafito mai sayena. Abokin sana'a ke nan, ko a kasuwa ko a ofishin malamai.

Yaro kuwa mai saye ne, kuma mai saye ba gaskiya ta kawo shi ba, fara'a yake so. Zaɓi yara. Ka ɓoye bulalar nan, ka daina ba su aikin gida, ka saki wannan fuskar taka mai kama da ta mai ciwon haƙori. Wanda ya ce biyu da biyu biyar ne, ce masa ya kusa. In ƙura ta lafa sai ka koma halinka.

Yayanka mai ƙaunarka

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na bi maganarka. Na yi ta barkwanci a aji, suna dariya, ashe ni suke yi wa. Da can tsorona suke ji, yanzu ina rubutu a allo ana kwaikwayon tafiyata.

Jiya aka yi abin. Aka tsayar da mu a filin makaranta, ni da Dogo, muna fuskantar bango, aka ce kowane ɗalibi ya yi layi bayan wanda yake so, kada mu waiwaya sai an busa usur. Na ji takun ƙafafu sun taru a bayana, har da masu raɗa "Malam, muna tare." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Hedimasta yana kai usur baki na ji gudu da shewa. Na juya, babu kowa, duk sun koma bayan Dogo. Sun shirya abinsu tun a aji.

Malamar kimiyya ta same ni ina kwashe kayana. Ta ce, "Malam, wa ya ba ka wannan shawara? Mu duk kai za mu zaɓa, Dogo ko rabawa bai iya koyarwa ba." Ta kuma ce duk yamma tana ganin babur ɗinsa a ƙofar gidanka. Yaya, mene ne haɗinka da shi?

Ƙanenka

Malam ƙarami,

Na ga takardarka, Allah ya ba da haƙuri. Malamar nan idonta lafiya lau. Dogo 'yata ta fari yake nema, ita ma ta mutu a kansa, kuma ka san ba zan ba da 'ya ga wanda ba shi da albashi ba. Kai ba mata, ba ɗa, cikinka kaɗai kake ciyarwa. Ka ɗauka gudummawarka ce ta baffa, ka riga kowa bayarwa.

Kada ka ce na cuce ka. Shawara ka nema, na bayar, kai ka ɗauka da hannunka. Ni ban ce yara su gudu ba, wannan basirarsu ce, kuma kai ka koyar da su.

Af, Dogo yana gaishe ka ƙwarai. Ya ce in tambaye ka ko za ka bar masa littattafanka na aji uku, wai akwai wuraren da bai gane ba.

Yayanka