Ko Ƙofar Jami'ar Ba Mu Shiga Ba

Kawu Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Ikko? Ya Inna Hajo da yara? Zurmi kowa lafiya.

Kawu, Baba ya ce ba zan cike fom ɗin jami'a ba sai ya ga wurin da idonsa. Muka je, ashe ranar ce ɗalibai ke sa tsummokara suna nema wa marayu taimako. Wani ƙato ɗaure da zane, fuska duk gawayi, ya kaɗa wa Baba gwangwani. Baba ya ce, "Ana Shari'a, wannan ne karatun?" Nan muka juyo.

Na yi bayani har na gaji. Maganarka kaɗai yake ji, ga shi kafin wasiƙar nan ta iske ka an rufe fom.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

'Yarka,
Hadiza