Masu Taswira Sun Tambayi Kufan Kaka

Ɗana Bukar,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya iyali, yaya ƙafar Falmata? Mu nan Potiskum lafiya lau.

Tun shekarar farin da ya cinye shanunmu, ba wanda ya tambaye ni kufan Kaka na Danchuwa sai makon jiya. Wasu baƙi suka shimfiɗa mini taswira, ga tudu ga kwari, amma wurin kufan ba ko alama. Wai asalin zuri'a suke bincike. To me ya kawo tambayar iyakar gonarmu da ke wurin? Sun ce kai ka turo su. Gaskiya ne? Ni dai ban faɗa musu komai ba.

Gai da yara, a sa mu a addu'a. Gobe da sassafe zan je kufan in kafa shinge, kowa ya san wurin da mai shi.