Kwat Ɗin da Kika Faɗa Kwata da Shi

Zuwa ga farin watan da ke haska kowa ban da ni, sanyin idona kuma tsakuwar da ke cikinsa, sarauniyar masu ba da dariya, wadda ake rububin hotonta a titi don ba a san halinta ba.

Sannu da aiki, ranki ya daɗe! Na kalli sabon fim ɗinki, wallahi kin ciri tuta. Shekara tara kina tuntuɓe da faranti, kina shafa baƙi a haƙori, kina cusa matashi a riga ki fito a gwaggo mai tsegumi, ana tafa miki. Kin kwaikwayi mai kitsonki, kin kwaikwayi direbobi, har matar mai gidan hayarku ba ta tsira ba. Da mutane suka ƙare, kika waiwaya, sai ga ni, malamin lissafi, tsuntsu daga sama gasasshe.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai gyaran takalmi? Kina rawar ɗari, na tuɓe kwat ɗina na yafa miki. Na yi gyaran murya sau uku, na goge tabarau da gefen riga, na ce ina son ki kamar yadda ɗaya da ɗaya suke biyu, babu saura. Kika ƙura mini ido, ya kurciyata, ko ƙiftawa ba kya yi. Ni wawa na ɗauka so ne ya kama ki! Ashe hadda kike yi.

Sai ga ki a allo da gashin baki na manne, tabarau a kan karan hanci, gyaran murya uku cif. Yanzu in na shiga aji, ɗalibai arba'in ke gyaran murya tare. Shugaban makarantarmu, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya tare ni a baranda ya ce, "Malam, babu saura ko?" Duk na shanye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amma ke, furen da ƙaya ta fi ƙamshinsa yawa, kin san wa kuma ya kalla? Ƙanwata ta kunna wa Umma a falo. Umma ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, tana cewa, "Kai, Allah ya shiryi wannan yarinya!" Sai kyamara ta matso, ta ga facin da ke gwiwar hannun hagu na kwat ɗin da ba ki dawo mini da shi ba, wanda ita ta ɗinka da shuɗin zare ranar da baƙin ya ƙare mata. Kwat ɗin marigayi Babana ne. Shekara ashirin yana zuwa ofis da shi, bai taɓa bari ko ƙura ta kwana a kansa ba. Ke kuwa kika faɗa kwata da shi, kika taso yana ɗiga, kina gyaran murya. Umma ta miƙe, ta dube ni ta ce, "Wannan ce kake so in kira 'yata?" Ta shiga ɗaki, tun ranar ba ta ƙara yarda a yi mata zancen aurenmu ba.

Za ki ce ba ki sani ba. Kin tambaya? Yaushe kika taɓa tambayar abin da kika ɗauka a jikin mutum?

Abin haushin shi ne har yanzu in na ji muryarki a gidan maƙwabta, ƙafata tsayawa take yi. Wane irin ciwo ne wannan, da maganinsa ke yi wa mai shi gwalo? Ina jin haushinki kamar in mutu, ina kewarki fiye da haka.

To, ga roƙona, ya tauraruwar jama'a. Ki zo ranar Alhamis da yamma, ba mai ɗaukar hoto, ba ƙawa mai tafi. Ki zauna gaban Umma ki ba ta haƙuri da muryarki ta gaskiya, in dai har yanzu kina da ita. Minti goma kawai, kada ki ba kowa dariya. Na san faɗawa kwata ya fi miki sauƙi.

In kin zo, ni zan durƙusa tare da ke har ta sauko. In ba ki zo ba, ba zan saɓa wa uwata ba, aure ya fasu, amma son ki ba zan daina ba har a rufe ni da ƙasa. Wannan ne abin dariyar da ya fi duka, na ba ki shi kyauta, ki je ki yi fim.

Naki, ko kin cancanta ko ba ki cancanta ba,
Malamin lissafi