Ƙarshen da Na Sauya wa Kaka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da jaririya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya tsare mana kai a inda kake. Mu ma nan lafiya lau muke. An gyara keken Mama ta koma ɗinki, ciwon bayan Baba kuma ya yi sauƙi har ya fara fita shago. Idon Kaka ne dai yanar ta ƙara rufewa, yanzu da murya take gane mutum. Kada ka yi mamaki da na rubuto maimakon in faɗa a waya. Ka san ni da nauyin baki, kuma duk sanda ka kira Kaka na kusa, kowa na jin muryarka. Direban da ke kawo saƙonka zan ba wa.

Maganar a kan memorin da ka aiko min ce, mai fina-finan ban tsoro. Na kasa kallo ni kaɗai, sai na riƙa zuwa ɗakin Kaka bayan la'asar, in jingina wayar da filas ɗin shayinta. Da ta ji ihu ta tambaye ni wa ake yankawa. Daga nan na zama idonta. Ina karanta Turancin da ke fitowa a ƙasa, in tsayar, in faɗa mata da Hausa. Yaya, Kaka ba ta san tsoro ba. Fim ɗin fatalwar nan da ya sa na daina shiga kicin ni kaɗai, cewa ta yi fatalwar ba ta da tarbiyya tunda take shiga gidan mutane babu sallama. Wanda kuma ya ji motsi a ɗakin ƙasa ya sauka da ƴar tocila, ta ce ba jarumi ba ne, rashin mafaɗi ne. Har faɗa take musu da sandarta. Ban taɓa doguwar magana da kowa irin wadda na yi a ɗakin nan ba.

Sai muka zo kan mai dogon zangon nan, na ma'aikaciyar jinyar da ɗanta ya fita tasha bai dawo ba. Da na yi tunani da ban kunna ba, amma na manta da Kawu, ɗan Kaka. Ni ban san shi ba sai a hoto, amma ka san shekara goma sha huɗu ke nan da ya fita neman aiki, ko labarinsa babu. Tun kashi na biyu Kaka ta daina barkwanci. Ta kan gyara zama ta ce in karanta a hankali. Har addu'a take yi wa matar nan, ko da na ce mata wasa ne ake shiryawa. Ta ce ta sani, amma ai wani ya gani kafin ya rubuta.

Kai ka kalla, ka san abin da aka ciro daga rijiya a kashi na takwas. Na karanta rubutun sau biyu ko na yi kuskure, ban yi ba. Uwar ta fasa kuka, Kaka ta damƙe hannuna tana tambayar me ya faru. Yaya, sai na ji bakina ya ce an same shi da rai, kukan murna take yi. Ranar Kaka ta cinye abincinta tas. Washegari ta sa na buɗe akwatin Kawu na shanya rigunansa, wai kada su yi warin ajiya. Sannan ta ce a ci gaba, tana so ta ji yadda ya koma gida. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa sai ƙara tsawo yake. Kwana tara ina kunna wani fim daban, in rage sauti, in riƙa shirya labarin da kaina. Na kai shi asibiti, na sallamo shi, na samar masa aikin gyaran babur. In an yi ihu in ce maƙwabta ne suka zo barka. Abin da ke damuna shi ne ta ce in ka kira ranar Juma'a za ta tambaye ka, tunda kai ma ka gani. Na rasa abin da zan roƙe ka. Ba na so in sa ka yi ƙarya, ba na kuma so ka faɗa mata.

A nan na ajiye biro jiya. Yau kuma ga abin da ya faru. Ina cikin ba ta labari sai na manta na ce gyaran mota yake yi. Ta ce jiya ai babur na ce. Hawaye suka zubo min, na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Sai ta lalubo kaina ta dafa. Ta ce idonta ne ya mutu ba kunnenta ba, kuma kukan da matar nan ta yi ba ya bukatar tafinta, don ita ma ta yi irinsa a bayan ƙyaure. Tun ranar ta sani. Na tambaye ta to me ya sa ta bar ni. Ta ce a shekara goma sha huɗu kowa haƙuri yake ba ta, ni kaɗai ce na taɓa dawo mata da yaro gida, ko da a baki ne. Rigunan kuma ta ce in ninke, ta yanke shawarar a ba masu bukata, banda shuɗiyar, ita a bar mata ƙarƙashin filo. Daga nan ta ce in share majina in ƙarasa, kuma a tsaya a kan babur ɗin, don mota ta yi wa mai farawa girma.

Saboda haka, Yaya, ba sai ka ɓoye komai ba. In ta tambaye ka yadda aka ƙare, ka ce ta tambaye ni. In za ka sake aiko memori kuma ka sa masu fatalwa da yawa, ta ce tana kewar yi musu faɗa, amma ka duba kada a sami mai ɓatan ɗa a ciki.

Ka gaida Anti sosai, ka shafa min kan jaririya. Mama da Baba suna gaishe ku, Gwaggo ma ta ce a miƙa tata. Kaka ta ce a faɗa maka ka riƙa kira ko ba Juma'a ba.

Ƙanwarka,
Shiru-shiru