Baba da Butar Alwala

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya Hadiza da yara? Mu nan Sabon Birni lahiya lau, sai dai Baba.

Tun da hanyar gonarmu ta Gatawa ta gagara bi, ya kasa zama wuri guda. Ya shuka kuɓewa da alayyahu bayan ɗaki, inda yake alwala, don ruwan ya riƙa gangara musu. Yanzu ko alwalarshi ba ta karye ba, sai ya ɗauki buta. Jiya na ce, "Baba, ruwan ya yi yawa." Ya ce, "To mi za ni yi da hannuwan nan?"

Ka gaida kowa. Ku taya mu addu'a hanyar ta buɗe kahin kuɓewar ta ruɓe.

Ƙanwarka,
Rabi